Kafin a kwashe manhajojin kamfani zuwa gajimare, me ake fara tattarawa?

Tambaya: Salamu alaikum 'yan uwa. Kamfani zai bar sabobinsa (kwamfutocin da ke ɗauke da manhajojinsa) ya koma gajimare, wato sabobin haya ta intanet irin na AWS (na Amazon) ko Azure (na Microsoft). Wane bayani ake fara haɗawa?

Amsa ta 1: Wa alaikumus salam. A lissafa kowace saba da manhajar da ke kanta, sannan a auna yawan CPU (ƙarfin sarrafa aiki) da RAM (ƙwaƙwalwar aiki) da take ci na kwana 30, har da ƙarshen wata lokacin biyan albashi. Kwafe girman tsohuwar saba kai-tsaye asarar kuɗi ce, don galibi rabinta zaune take. Sai babban tarko: wace manhaja ke magana da wacce? Adireshin IP (lambar da ake gane saba da ita) ɗaya da aka rubuta kai-tsaye cikin manhaja ya isa ya tsayar da komai ranar ƙaura, idan adireshin ya canza.

Amsa ta 2: Malam, ka yi lissafin saurin layin intanet. Tura bayanai 1 TB (1,000 GB) a kan layi mai saurin 100 Mbps na cin sa'a 22, in layin bai yi tangarɗa ba ke nan. A tambayi masu kamfani: awa nawa za su jure tsayawar aiki, bayanan minti nawa za su iya rasawa?

Amsa ta 3: A duba lasisi ma, wasu ba sa bin manhaja zuwa gajimare. Kuma shigar da bayanai cikin gajimare kyauta ne, fitar da su ne galibi ake caja.