Neman kalma: arbitration da ƙarin lokacinsa, me za mu ce da Hausa?

Mai fassara: Salamu alaikum. Ina fassara labari kan sashe na 29A da Indiya ta ƙara a dokarta ta arbitration a 2015. Ya ce a yanke hukunci cikin wata 12, ɓangarorin na iya ƙara wata 6 da yardarsu, daga nan sai da izinin kotu. Kalmar arbitration ce ta tsaya min a wuya. In sa "sulhu"?

Lauya: Kada ka soma, Malam. Sulhu sai kowa ya yarda ya sassauta. Nan kuwa 'yan kasuwa biyu ne suka zaɓi wanda zai yanke musu, kuma abin da ya yanke ya hau kansu ko suna so ko ba sa so, har kotu ta tilasta. Dokar Najeriya ta 2023, Arbitration and Mediation Act, tun daga sunanta ta raba shi da mediation, wato shiga tsakani don a sasanta. In ka ba wannan sulhu, wancan fa?

'Yar kasuwa: Barista, "raba gardama" fa? A Kantin Kwari in dillali da mai kaya suka saɓa, gaban manyan kasuwa ake zuwa, su ji bakin kowa, su yanke.

Lauya: Hajiya, tana da daɗin faɗa, amma an riga mu. Akwai ƙuri'ar raba gardama, ga kuma na'urar raba gardama ta 'yan ƙwallo.

Malamin fiƙihu: Ai muna da ita tuntuni: tahkimi. Shi aka yi bayan yaƙin Siffin, da aka naɗa Abu Musa al-Ash'ari da Amr bn al-As. Sai dai kada ku ce wa mai yinsa "hakami", mai karatu zai ɗauka hakimi ne da rawani. A ce alƙalin tahkimi.

Mai fassara: Allah ya gafarta Malam, na karɓa. Lokacin kuma, "ɗagewa"?

Lauya: A'a, ɗagewa zama ake ɗagewa zuwa wata rana. Wannan wa'adi ne, in ya cika ikon alƙalin ya faɗi. Shi ya sa aka yi ta ja-in-ja, har Kotun Ƙolin Indiya ta ce a 2024 ana iya neman ƙari ko bayan cikarsa. In jinkirin daga alƙalin ne, kotu na iya zabge masa har kashi 5 cikin 100 na ladansa duk wata. Rubuta "ƙarin wa'adin tahkimin kasuwanci", ka yi bayanin tahkimi a layin farko.