Muhawara: Shin Ƙara Tayimin Injekta a Injin Dizal Riba Ce Zalla?

Malam Habu: Assalamu alaikum. Ra'ayina, wanda na daɗe a kansa, shi ne duk a-kori-kura masu injin dizal suna fitowa daga kamfani ne an jinkirta musu lokacin fesa mai da gangan, ba don lafiyar inji ba, sai don su tsallake gwajin hayaƙi. Saboda haka wanda ya ƙara tayimin, wato ya sa injekta ya riƙa fesa mai da wuri kafin fistin ya kai ƙarshen hawansa, haƙƙin injin ya mayar masa. Tawa Dodge Ram ce ta 1996, mai injin Cummins lita 5.9 da famfon mai na Bosch P7100. Na ɗaga tayimin ɗinta zuwa digiri 16, wato ana fara fesa mai saura digiri 16 na juyin inji fistin ya kai ƙarshen hawansa, kuma tun daga nan shan mai ya ragu, zafin hayaƙi ma ya sauka.

Injiniya Rabi'u: Wa alaikumus salam. Malam Habu, rabin maganarka gaskiya ce, kuma ba zan ja da ita ba. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a kira abin riba marar asara. Dizal ba ya kamawa da wuta nan take idan aka fesa shi, yana ɗan dakatawa kamar kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa, kuma a gudun inji na juyi 2,000 a minti, karanshaf, wato sandar da fistin ke juyawa, yana juya digiri 12 cikin wannan ɗan lokacin. Dalilin fesa mai da wuri ke nan, don matsi mafi girma ya zo jim kaɗan bayan fistin ya fara sauka. Idan aka wuce gona da iri, mai da yawa zai taru kafin wuta ta kama, ya ƙone lokaci guda alhali fistin yana kan hawa, sai ƙarfin da ya kamata ya tura mota ya koma dukan fistin da gaskit da metal, wato boris ɗin karanshaf. Ƙarar nan mai kama da guduma da ake ji, ita ce shaidarsa.

Malam Habu: Injiniya, to me za ka ce game da abin da ya faru a Amurka a 1998, lokacin da hukumar kare muhalli ta EPA ta ci tarar kamfanoni bakwai masu ƙera manyan injunan dizal, ciki har da Cummins da Caterpillar da Volvo? Laifin da aka tuhume su da shi shi ne sun tsara kwamfutar inji ta cika ƙa'ida a lokacin gwaji, sannan idan mota ta hau babbar hanya ta sauya tayimin don a rage shan mai. Idan masu ƙera injin da kansu sun san nan ribar take, ai magana ta ƙare.

Injiniya Rabi'u: Hujjar da ka kawo tana da kaifi biyu. Ta tabbatar da cewa ana samun sauƙin mai, amma kuma ta nuna kuɗin da ake biya, domin abin da ya jawo tarar shi ne yawan iskar NOx da injunan suka riƙa fitarwa. Wannan iska tana samuwa ne idan zafin ƙonewa ya yi yawa a cikin silinda, kuma tana cutar da huhu. Sannan ka lura da cewa kwamfuta ce take sauya musu tayimin a yanayi guda, wato tafiyar dogon zango da gudu daidai. Famfonka na P7100 ba shi da wannan dabarar. Inda ka ɗaure shi, nan zai zauna, ko injin yana silo, ko yana jan kaya a hawa. Digiri 16 da ya yi daɗi a gudu 2,500 yana iya yin yawa a gudu 1,400 da kaya a baya, inda matsi a silinda ya riga ya hau.

Malam Isiyaku: Ku ba ni dama in yi magana a matsayin wanda yake kwance waɗannan famfuna da hannunsa. Malam Habu, kafin ka ɗaga tayimin, ka auna inda yake? Ina tambaya ne saboda giyar da ke juya P7100 a kan sanda mai tsukewa take zaune, ba ta da ki, matsin noti ne kawai ke riƙe da ita. Idan aka ɗaura ta da ɗigon mai a jikin sandar, ko notin bai ɗauru yadda ya kamata ba, tana zamewa, kuma baya take zamewa. Na sha karɓar mota mai farin hayaƙi da safe, marar kuzari, in sa agogon awo a kan filanja ta silinda ta ɗaya, wato ɗan sandan da ke tura mai a cikin famfo, in tarar tayimin ya koma ƙasa da na kamfani. Mai irin wannan motar idan aka kai shi 16 zai rantse cewa ƙarin ne ya yi aiki, alhali mafi yawan abin da ya ji gyaran zamewar ne.

Malam Habu: Gaskiya ban auna ba, Malam Isiyaku. Amma agogon zafin hayaƙi ba ya ƙarya, kuma na ga ya sauka.

Malam Isiyaku: Ya sauka, amma zafin ba ɓacewa ya yi ba. Wanda da yake fita ta salansa, wani ya zama aiki, wani kuma ya tsaya a kan fistin da kan silinda. Shi ya sa ba na son a dogara da agogon nan kaɗai. Akwai kuma turbo, wanda da ƙarfin hayaƙi yake juyawa, idan hayaƙin ya yi sanyi yakan yi nauyin tashi. Ƙarin digiri biyu ko uku a inji mai lafiya ban ga laifinsa ba, ni ma ina yi. Wanda ya haɗa ƙarin tayimin da ƙarin mai da ƙarin iskar turbo, sannan ya taka mota tun inji bai ɗumama ba, shi ne yake dawowa da gaskit a ƙone.

Alhaji Sale: Ina biye da ku. Tawa Toyota Hilux ce mai injin 2KD-FTV lita 2.5. Shin wannan magana ta shafe ni?

Injiniya Rabi'u: Ranka ya daɗe, ba ta shafe ka ta wannan fuskar ba, kuma nan ne kalmar Malam Habu ta "duk a-kori-kura" take rushewa. Injinka na bututun mai na bai-ɗaya ne, famfonsa matsi kawai yake tarawa, kwamfuta ce take buɗe kowace nozil bisa gudun inji da nauyin kaya da zafin ruwa, har tana fesa ɗan mai kaɗan kafin babban fesawa don a rage ƙara. Juya famfo ba zai sauya tayimin ba, sai an taɓa manhajar kwamfutar, wanda a Amurka da wasu ƙasashe laifi ne idan ya ɓata tsarin tace hayaƙi. Ko a gidan Cummins ma abin ya bambanta: daga 1989 zuwa 1993 famfon VE aka sa, wanda yake ƙara tayimin da kansa yayin da gudu ke hawa, a tsakiyar 1998 VP44 mai lantarki ya maye gurbin P7100, daga 2003 kuma aka koma bututun bai-ɗaya.

Malam Habu: Na janye kalmar "duk", amma a kan P7100 ina nan a kan bakana, kuma motata za ta ci gaba da zama a 16. Malam Isiyaku, idan na kawo ta za ka sa agogon mu ga ko tana nan inda na ɗaure ta?

Malam Isiyaku: Kawo ta da safe tun inji yana da sanyi, domin ina son in ga kalar hayaƙinta kuma in ji ƙararta kafin in kwance komai.