Shin auren soyayya ne ya 'yanto matan Ingila?

Ɗalibi: Jama'a, ga batu. Ana cewa tun da matasan Ingila suka fara zaɓar wa kansu abokin aure a ƙarni na 18, mace ta samu 'yanci. Ni dai na yarda. A da uba kan duba gona da asali ne ya ba da 'yarsa, ba ruwansa da wanda take so.

Gwaggo: Ɗan nan, wane 'yanci? Zaɓen miji kawai ta samu. Da an ɗaura aure dukiyarta ta koma hannun miji, har da ladan guminta. Sai a 1870 doka ta bar mata abin da ta nema da hannunta, sauran dukiyar kuwa sai 1882.

Ɗalibi: Amma Gwaggo, in da soyayya ba ta tayar wa iyaye hankali ba, me ya kawo dokar 1753 da ta hana wanda bai kai shekara 21 ba yin aure sai da yardarsu? Masoya suka riƙa gudu zuwa ƙauyen Gretna Green a Sikotland, inda dokar ba ta aiki, maƙeri ya ɗaura musu.

Kawu: Tsoron masu hannu da shuni ne wannan, kada wani ɗan iska ya yaudari magajiya ya cinye gado. 'Yar talaka fa tun kafin nan ita ke nemo mijinta. Tana aikatau a gidajen mutane, tana tara 'yan kuɗinta, ta haura ashirin kafin ta yi aure. Wa zai tsare ta, tunda ba abin gada?

Gwaggo: Ku bar zancen shiga, ku dubi fita. Kafin 1857 ba a raba aure sai majalisa ta yi doka a kai, mata huɗu kacal suka taɓa samun haka. Bayan nan ma miji cin amana kawai zai tabbatar, ita kuwa sai ta haɗa da wani laifin, kamar zalunci ko ƙaurace mata. Ba a daidaita ba sai 1923. Marubuciya Caroline Norton kuwa mijinta ya kwashe 'ya'yansu uku ya hana ta ganin su, kuma doka na bayansa.

Ɗalibi: Ai nan nake nufi. Fafutukarta ce ta haifar da dokar 1839 da ta bai wa uwa damar neman riƙon yaran da ba su kai shekara 7 ba. Da mutane ba su fara ɗaukar aure a matsayin zaman ƙauna ba, wa zai saurari kukanta?

Kawu: Alƙalaminta aka saurara, ɗana, da manyan da ta sani a majalisa. Matar leburan masaƙa da ake jibga kullum a Manchester, wa ya ji nata?