Baƙin mai a tiyon turbo na Hilux 2KD: gwangwani zan sa ko inji zan sauke?

Mai Farar Hilux:
Assalamu alaikum. Hilux ce ta 2012, injin dizal 2KD, ta ci kilomita 240,000. Mun zare babban tiyon da ke shiga turbo muka tarar da shi jiƙe sharkaf da baƙin mai, cikin intakula, mai sanyaya iskar turbo, ma an samu kamar cokali biyu. Ba ta hayaƙi, ƙarfinta bai ragu ba, kuma daga juye zuwa juye, kilomita 5,000, ba ta shan rabin lita. Bakanike ɗaya ya ce ringi ne a sauke inji. Wani ya ce a ɗaura gwangwanin tarar mai a tiyon numfashi. Na uku ya ce a cire tiyon a sake shi ƙasa kawai. Wanne zan bi?

Ɗan Panteka:
Turbo ya tafi, Alhaji. Nemi na Beljiyam ka huta.

Bakaniken Dizal:
Wa alaikumus salam. Kada a taɓa turbo tukuna. Duk injin dizal yana da iskar da ke suɓucewa ta gefen ringi ta gangara inda mai yake. Dole ta samu mafita, shi ya sa aka jawo tiyon numfashi daga murfin saman inji zuwa gaban turbo, injin ya sake haɗiye ta. Tururin mai take tafe da shi, shi ne danshin da ka gani. Cokali biyu a irin wannan tafiyar ba ciwo ba ne.

Ga gwaji kafin ka kashe ko sisi. Bari inji ya yi zafi, ka bar shi a silo, ka kwance murfin zuba mai ka ɗora shi a bakin ramin ba tare da ɗaurewa ba. In rawa kawai yake yi, da sauƙi. In iska na cilla shi, tana fita buf-buf da farin tururi, sai a auna kwamfireshan na silinda huɗun a kwatanta. Sannan ka duba iyakilina, wato matatar iska. In ƙura ta toshe shi, turbo na zuƙa da ƙarfi, sai ya riƙa jan mai ta tiyon numfashin. Haka in yaron shago ya cika mai ya wuce layin sama na geji.

Injiniya:
Inda aikin yake shi ne haɗuwar wannan mai da toka. Bawul ɗin EGR yana maido da hayaƙin salansa cikin manifol, hanyar da iska ke bi ta shiga silinda. Tokar ita kaɗai busasshiya ce, wucewa take yi. Da ta gamu da tururin mai sai ta zama kwalta, ta manne tana tsuke hanyar iska, har ka sa sukundireba ka kankaro ta kamar ƙanzo. Amfanin gwangwani ke nan, amma mai matata a ciki da bawul ɗin sakin iska, irin ProVent 200 na Mann+Hummel. Lambar 200 ɗin lita ce ta iskar da yake iya wucewa da ita a minti ɗaya.

Direban Agadas:
Ni da gwangwani har abada. Hilux ɗin ƙanena aka sa wa irin mai ƙyalli ɗin nan, bakinsa bai fi kaurin biro ba, alhali tiyon asali babban yatsa na shiga. Aka matse da kilif aka ce an gama. Iska ta rasa hanya. Farko geji ya fara tasowa da kansa. Sai sil ɗin baya ya fara zuba, mai ya jiƙa kuloci. Man turbo da ya kamata ya gangara ya koma ƙasa, iska ta tokare shi, ya riƙa malala cikin intakula ba wanda ya sani. Bayan Abalak, da kaya a baya, injin ya kama shan man kansa. Ya zare makulli, inji na ta kururuwa, hayaƙi ya rufe hanya. Ya sa giya biyar ya taka birki ya saki kuloci, kulocin da mai ya jiƙa sai santsi yake. Ko minti uku ba a yi ba kon-rod ya fasa bulok. Kwana biyu a daji, kayan mutane a rana, shi kuma wanda ya ɗaura abin cewa ya yi ƙaddara ce. Har yau bashin injin ake biya.

Na Maraɗi:
Allah ya mayar da alheri. In haka ta faru iska ake toshewa, a rufe bakin shigarta da katako ko wani abu mai tauri da faɗi. Ban da tafin hannu, ban da tsumma, turbo zai haɗiye shi.

Injiniya:
Amin. Amma Malam, laifin ƙaramin baki ne da rashin bawul. Ƙa'idar ita ce kada ko'ina a hanyar, tiyo ko mahaɗi, ya fi tiyon asali ƙanƙanta. A ɗaura gwangwanin a tsaye, nesa da salansa, tiyo mai jure mai da zafi, kada ya lanƙwashe. A zubar da abin da ya tara duk juye.

Direban Agadas:
Injiniya, a takarda komai daidai ne. Ka taɓa kwana ƙarƙashin mota a hamada?

Bakaniken Dizal:
A yi haƙuri. Ni dai wanda ya ce a saki tiyo ƙasa ne ban yarda da shi ba. Zai riƙa ɗiga a kan shasi, ƙura ta manne, wari ya shigo gida. Mafi muni a manta ramin da aka zare tiyon a gaban turbo a buɗe, ƙurar hunturu ta shiga ba ta bi ta iyakilina ba. Wannan ita ke cin ringi da gaske.

Mai Navara:
Alhaji, sa gwangwanin ka riƙa tara man, mu masu ƙofar shago mai ƙara muna saye.

Mai Farar Hilux:
To nawa ne mai kyan?

Ɗan Panteka:
Dubu 25 har da tiyo.

Injiniya:
Wannan fanko ne, ba komai a ciki. Na gaske da aka yi min kuɗinsa ya haura dubu 150, ban da ɗauri.

Na Maraɗi:
Nan jaka 30 na sefa aka ce min, wai shi ma na Jamus ne.

Injiniya:
Buɗe murfin ka ga matatar da idonka kafin ka biya.

Bakaniken Dizal:
Abu biyu aka tsallake. In za a wanke intakula, a sauke ta, a ɗauraye da kananzir, a kife ta a rana sai ta bushe ƙarau. Ragowar kananzir a ciki ita ma tana sa inji gudu da kansa. Na biyu, wasan tagulla, wato zoben da ke ƙarƙashin nozul. In ya ci, wuta na hurowa cikin murfin sama, numfashi ya ƙaru, mai ya yi gawayi har ya toshe rariyar famfon mai a ƙasa. An fi sanin injin 1KD da wannan, amma a kilomita 240,000 ni zan canza huɗun. Da yawa an sauke musu inji a kan ringi, ashe wasan tagullar ne.

Mai Navara:
Duk wannan in man kirki aka zuba ke nan. Man da ake aunawa a kwalba bakin titi, wani tsohon mai ne aka tace aka juye a sabon galan. Da ya ji zafi sai ya tsinke kamar ruwa, tururi ya ninka.

Na Maraɗi:
Har hatimin murfi suna bugawa yanzu. Shi ya sa nake huda galan in na gama da shi, don yaran da ke bi suna sayen fanko can suke kai shi.

Direban Agadas:
Gas ɗin fa? Rabi kananzir. Nozul nawa ya kashe bana?

Mai Farar Hilux:
Jama'a, na yi gwajin murfin da safe, rawa kawai yake yi bai faɗi ba. Gwangwanin fa, in sa ko in bari?

Ɗan Panteka:
Wane mai kake zubawa tukuna, kuma a hannun wa kake saye?