Zaman tattaunawa ga waɗanda aka yi wa rasuwa: yaya ake tsara shi?

Maman Hanifa: Assalamu alaikum. Ƙungiyarmu ta mata a Agege tana son fara zaman tattaunawa ga waɗanda aka yi wa rasuwa. Mutum nawa ya dace, kuma sau nawa?

Malam Sani: Wa alaikumus salam, Hajiya. Mutum 6 zuwa 10, sau ɗaya a mako, minti 90, na tsawon mako 8 zuwa 12. Da an fara kada a ƙara kowa, don baƙuwar fuska tana sa sauran su kama bakinsu. Sharaɗin farko sirri. Unguwa ɗaya kuke, magana ɗaya ta fita, zaman ya watse.

Anti Bilki: Kada ku haɗa wadda ta rasa miji da wadda ta rasa ɗa, ciwon ba ɗaya ba ne. Mai takaba a jira ta cika wata 4 da kwana 10. Kuma mai jagoranci ta hana saurin cewa "ki yi haƙuri" da zarar mace ta fara kuka. Ta sha jin wannan tun zaman makoki. A bar ta ta amayar da abin da ke ranta.

Malam Sani: Wadda ta daina ci da barci, ko take maganar kashe kanta, zaman bai ishe ta ba. A kai ta asibitin ƙwaƙwalwa na Yaba ko asibitin koyarwa na Jami'ar Legas (LUTH) a Idi-Araba a ranar.