Neman kalma: sikelin tsoro, mizanin tsoro, ko ma'aunin fargaba?

1/ Jama'a, a taimaka da shawara. A 2020, lokacin da korona ta rufe duniya, wasu masu bincike suka tsara tambayoyi 7 don auna yadda cutar ta tsorata mutane, aka fara gwada su a Iran. A 2020 ɗin aka mayar da su Larabci, aka gwada a Saudiyya. Turawa suna kiran irin wannan abu "scale", Larabawa kuma "miƙyas", shi ya sa za ka ji "miƙyasul khauf". Mu me za mu kira shi?

2/ Ga yadda yake aiki. Ana ba mutum jimla, ya zaɓi amsa daga 1 zuwa 5, daga "sam ban yarda ba" zuwa "na yarda ƙwarai". Sai a tara makin, mafi ƙanƙanta 7, mafi girma 35. Cikin tambayoyin akwai: tafin hannunka yana gumi in ka tuna cutar? Barci yana gagarar ka? Gabanka yana faɗuwa?

3/ Ba abin mamaki ba ne Saudiyya ta yi saurin ɗaukar wannan aiki. A can aka fara gano cutar numfashi ta MERS, dangin korona, a 2012, wadda ke da alaƙa da raƙuma, kuma a 2020 aka hana alhazai daga ƙasashen waje zuwa Hajji. Iyayenmu da suka biya kuɗin kujera a wannan shekarar ta 2020 suna cikin waɗanda abin ya shafa.

4/ "Sikeli" ban so shi ba. Da ka faɗa, mutum zai hango mahauci yana ɗora nama. "Mizani" kuwa kalma ce mai nauyi, kunnen Bahaushe zai tafi ranar hisabi ne kai tsaye. "Ma'auni" ya fi zama daidai, tunda mun saba da ma'aunin zafin jiki a asibiti, kuma a rediyo ana cewa girgizar ƙasa ta kai maki kaza a ma'aunin Richter.

5/ Inda na fi daɗewa shi ne rabi na biyu na sunan, wato "khauf". "Khauf" dai tsoro ne, ba musu. Amma je ka tambayi magidanci a gaban iyalinsa, "Malam, kana jin tsoron annoba?" Zai gyara zama ya ce, "Tsoron Allah kaɗai nake ji." Ba ƙarya ya yi ba, kalmar ce ta taɓa mazantakarsa da tawakkalinsa, don ba wanda ke so a kira shi matsoraci. Tambaye shi ko yana cikin fargaba, sai ya buɗe baki ya gaya maka daren da ya kasa runtsawa saboda tarin ɗansa. Faɗuwar gaba da rashin barci, waɗanda su ne tambayoyin ke nema, fargaba ce. Firgici da razana na lokaci guda ne, su zo su wuce. Zullumi ya yi kusa, sai dai ya fi karkata ga jiran abin da ba a san yadda zai kaya ba.

6/ Don haka ni na tsaya a kan "ma'aunin fargabar annoba". Malaman Larabci, da 'yan uwanmu Hausawan Sudan da ke magana da harsunan biyu kullum, ku gaya mana: fargaba ta ɗauke ma'anar "khauf", ko ta fi kusa da "ƙalaƙ", wato damuwa?