Neman kalma: masu sanya sulke su maimaita yaƙin da, da masu fitowa a matsafa

Jama'a, kalmomi biyu sun tsaya mini a maƙogwaro tun jiya. Ina rubuta bayani ne kan wata tsohuwar gardama ta Turawa masu sha'awar zamanin mayaƙan dawaki, wato ko a bar almara ta shiga wasanninsu ko a tsaya kan tarihi, sai na tarar ba ni da sunan ko ɗaya daga ɓangarorin da Hausa. Na farko suna ce masa reenactment, na biyu LARP. Bari in kwatanta muku su, sannan mu raɗa suna.

Duk watan Oktoba a Ingila, a filin da aka gwabza yaƙin Hastings a 1066, ɗaruruwan mutane kan hallara da sulke da kwalkwali da garkuwa su sake yin yaƙin. Wanda ya fito a Sarki Harold tun daga gida ya san bana ma faɗuwa zai yi, William na Normandi ne zai ci. Ba a taɓa ƙarshen labarin. Ga su da tsanani kan kaya: irin ɗinkin riga, rinin da aka yi mata, ƙirar takalmi. Wasu ƙungiyoyin har mai duba kaya suke naɗawa, in ya hango agogo a hannunka sai ka koma tanti ka cire.

Na biyun jikan Dungeons & Dragons ne, wasan da Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a Amurka a 1974. Asalinsa a tebur ake yi, kowa ya zaɓi wanda zai zama, ana jefa ɗan lido mai fuska 20 a ga ko saransa ya ci. Daga baya aka fito da shi fili. Ƙungiyar Dagorhir ta masu irin wannan wasa ta fara a 1977 da takubban soso. A irin waɗannan wasanni wani matsafi ne, wani aljani mai dogayen kunnuwa. Mutum zai jefe ka da ɗan ƙullin tsaba ya ce dunƙulen wuta ne, kai kuma dole ka zube.

Da na tambayi mutane, amsar farko da wani malami ya ba ni ita ce wasan kwaikwayo. Na gode Malam, amma rigar ta yi wa na farko yawa, na biyu kuma ba ta shige shi ba. Wasan kwaikwayo yana da 'yan kallo da rubutaccen labari. A na biyun babu mai kallo, kowa ɗan wasa ne, kuma babu wanda ya san yadda za a ƙare.

Wani ƙanina ya ce shigar burtu. Na yi dariya, don hoton ya yi kyau. Sai dai maharbi yana ɗaura kan burtu ne don ya yaudari dabba, nan kuwa ba a yaudarar kowa.

Wani dattijo ya ce ai hawan sallah ke nan, ga lifidi ga sulke. Ranka ya daɗe Baba, a nan ne na ɗan saba maka. Sarkin da ya hau ranar sallah sarki ne na gaske, gobe ma shi ne sarki, ba aron sarautar ya yi ba. Da wasan gauta ka kawo, inda matan fada ke fitowa a sarki da hakimansa, da mun fi kusa.

Ga abin da na tsayar. Na farko: raya tarihi, masu yinsa kuma 'yan raya tarihi. Na so in ce maimaita tarihi, amma 'yan jarida sun riga sun cinye wannan da "tarihi ya maimaita kansa" duk lokacin da aka yi juyin mulki. Na biyu: wasan shiga-riga. Bahaushe ya san shiga rigar wani, wato ka ari matsayinsa ka yi magana da bakinsa. In akwai tsafi da dodanni sai a ce shiga-rigar almara. Wata Hajiya ta nemi a ce tatsuniya. Na ƙi, Hajiya, domin da jin tatsuniya sai a tuna Gizo da Ƙoƙi da yara a tsakar gida bayan isha, alhali masu wannan wasa yawanci manya ne da gemunsu.

Abin da ya ba ni sha'awa shi ne, da sunayen suka zauna sai gardamar ta fito fili. Ku duba ƙungiyar Society for Creative Anachronism, wadda ta faro da gasar takobi a bayan wani gida a Berkeley ta jihar Kalifoniya ranar 1 ga Mayu 1966. Cikin mutanenta na farko akwai marubuta labaran almara. Masarautunta ƙirƙirarru ne, ana samun sarauta ta hanyar cin gasa da sandunan icen da ake saƙa kujeru, kuma babban taronsu na Pennsic a jihar Pensilbeniya yaƙi ne da ba a taɓa yi a tarihi ba. Duk ɗan ƙungiya yakan ari suna da ƙasa da zamani. Wannan ai shiga-riga ce tsantsa. Amma sharaɗinsu shi ne rigar ta zama ta mutumin da zai iya rayuwa kafin ƙarni na 17. Maƙeri, eh. Matsafi mai aman wuta, a'a.

Ashe ba kan shiga rigar ake faɗa ba, kan rigar wa za a shiga ne. Ni kam ina bayan masu hana almara. Wanda ya share wata shida yana haɗa zobban sulke ɗaya bayan ɗaya da filaya, ba adalci ba ne a kayar da shi da ƙullin tsaba. Masu almara suna da filinsu, kuma da yawa suna zuwa duka biyun, wannan mako a can, mako mai zuwa a nan.

Saura abu guda. Wanda ke tsara labarin yana yanke hukunci a wasan tebur, na rubuta mai jan wasa, wani ya ce uban wasa ya fi daɗin faɗa. Mutanen Damagaram da Kumasi, wanne ya fi zauna muku a baki?